Dillaliya, Kasuwa, Waya ko 'Yan Gwangwan: Ina Za Ka Kai Komatsan Gidanka a Zariya?

Akwai maganar da na gaji da ji a garin nan: wai duk wanda aka ga ya fito da kayan gidansa zai sayar, to karayar arziki ce ta same shi. Saboda tsoron wannan magana kaɗai, gidaje da yawa daga Ƙofar Doka har Samaru suna da ɗaki guda ko lungun zaure da aka cunkushe da kayan da ba mai taɓa su. Risho tun da aka koma gas, keken ɗinkin da aka daina takawa, talabijin mai ƙeya, kwallaye da samirun jere, gadon da yara suka girme shi, janaretan da aka jingine tun da fetur ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Gara na cin na katako, tsatsa na cin na ƙarfe, ɓera na haihuwa a cikin atamfa, masu surutun kuwa ba za su biya ko sisi daga asarar ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu faɗin haka ba su taɓa sayar da ko cokali ba, amma su ne kan gaba wajen ba da shawara. A Ingila mutane masu albashi da motarsu suna cika bayan mota da tarkacen gida a ƙarshen mako, su biya kuɗin fili su baza. A garin Lil na Faransa, duk ƙarshen makon farko na Satumba tituna ne ke komawa kasuwar tsofaffin kaya. Ba ma sai mun je nesa ba. A hadisin Anas da Abu Dawud ya ruwaito, wani Ba'ansare ya zo roƙo, Manzon Allah (SAW) ya sa ya kawo shimfiɗa da ƙoƙon da ke gidansa, ya ɗaga su da hannunsa ya nemi mai saye. Wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi ƙari, wani ya ba da biyu, aka sallama. To ko da buƙata ce ta sa mutum ya sayar, ina abin kunyar?

Saura tambayar da ta fi amfani: ta wace hanya?

Ma'aunan da nake dubawa

Na farko, nawa ne zai rage a hannunka bayan an cire kuɗin ɗauka, la'ada da kuɗin wuri. Farashin da aka ambata a baki ba shi ne riba ba. Na biyu, yaushe kuɗin za su shigo: yau, ko sai bayan wata biyu. Na uku ɗawainiya. Na huɗu haɗari, wato cuta, sata da rigima. Na biyar, shin cinikin zai tsaya, ko bayan mako guda za a yi sallama da kai an dawo da kaya wai ba ya aiki? Tare da wannan ka duba ko kayan da kansa zai jure jira da yawo, don firji da kwanon tangaran ba ɗaya suke da tukunyar ƙarfe ba. Na ƙarshe sutura. Na ce babu kunya a sayarwa, kuma ina kan bakana, amma akwai wanda zamansa da dangin miji ko maƙwabta ya sa ba ya son a san cikinsa, wannan kuma haƙƙinsa ne.

Kafin ma a kai ga nan, a tabbatar da mai kayan. Kayan ɗakin mace nata ne, maigida ba shi da ikon ɗaga ko faranti sai da yardarta. Kayan mamaci kuwa ba a taɓa su sai an raba gado, ko magada duka sun amince. Rigingimu da yawa da ake kaiwa gaban mai unguwa daga nan suke tashi, ba daga farashi ba.

Dillaliya

Wannan ya fi shafar mata, don haka da ke nake, uwargida. Ƙarfin dillaliya shi ne ta san cikin gidaje. Ta san wadda za ta aurar da 'ya bayan sallah, ta san wadda ta haihu, ta san wadda ke neman leshi mai kyau amma kuɗin sabo ya gagare ta. Babu wata kasuwa ko waya da ke da wannan sani. Don haka atamfa da leshi da shaddar da ba a ɗinka ba, zannuwan gado, labule, kuloli, kwanukan jere da kayan jarirai sun fi yin daraja a hannunta.

Ta fuskar kuɗi, hanya biyu ake bi. Ko a sayar ta cire la'adarta, ko ki faɗi naki farashin ita ta ɗora nata a kai. Duka biyun babu laifi, matsalar ita ce a rabu ba a fayyace wanne aka ɗauka ba. Ki yi wannan magana tun kayan suna gabanki, kuma ki faɗa mata ƙasan farashin da ba za ki sauka daga kansa ba, don kada ta riƙa dawowa duk tayin da aka yi.

Inda take da rauni shi ne lokaci. Masu sayenta mata ne da yawancinsu ke jiran kwasar adashi, biyan kuma kaɗan-kaɗan ne. Kina iya ba da kaya da azumi, cikon kuɗin ya iso ki bayan babbar sallah. Sannan kaya na yawo gida-gida, wannan ta buɗe, waccan ta gwada, abin da ya yi kwantai sai ya dawo miki ya sha hannu. Kwanon samira ya ƙwanƙwaru, farin leshi ya yi dauɗa. Maganinsa ki rubuta duk abin da kika ba ta ɗaya bayan ɗaya, ki ɗauki hoto, ku sa ranar da za a dawo da abin da bai tafi ba. Dillaliyar kirki ba ta jin haushin rubutu, don ita ma kariya ce gare ta.

Sutura kuwa babu kamarta, in dai kin dace da mai riƙe baki. Abu ɗaya ne ba na son a ba ta kai tsaye: gwal. A fara kai shi wurin masu sayen gwal su auna giram nawa ne, a ji farashin ranar, sannan a yanke shawara.

Kai kaya kasuwa

Nan akwai hanya biyu da mutane ke cakuɗawa. Ɗaya ka kai wa ɗan gwanjo ko mai shago ya saye gaba ɗaya don ya sake sayarwa. Ɗaya kuma ka nemi gefe ka baza da kanka.

Mai saye don ya sayar dole ya taya ƙasa, domin shi zai gyara, ya goge, ya biya haya, ya jira mai buƙata. Wannan ba zalunci ba ne, sana'a ce. Amma akwai kuskuren da ke ƙara karya farashi, wato ɗora kaya a keke Napep ko kura a kai kasuwa ba tare da an fara tambaya ba. Da zarar mai shago ya ga ka sauke firji a ƙofarsa, ya san ba ka son biyan kuɗin mayar da shi gida, tayin da zai yi maka daban ne da wanda zai yi in hoto kawai ka nuna masa. Ka je da hoto a waya, ka zaga shaguna uku ko huɗu, in ciniki ya kusa faɗawa sannan a ɗauko kaya, ko shi ya turo yaronsa ya gani.

Kuma kada ka tsaya kan 'yan gwanjo kaɗai. Fankar da ta daina juyawa, mai gyaran fanka ya fi kowa sanin darajarta. Haka janareta wurin makanike, keken ɗinki wurin mai gyaran keke ko tela mai neman ƙara wa yaran shago. Su sun san abin da za su cira su yi amfani da shi, don haka sukan fi ɗan gwanjo tayi. Sabon Gari ta fi tara irin waɗannan masu gyara, shi ya sa kayan wuta da injina suka fi dacewa da can. Kwanuka, tukwane da tufafi kuwa ba sai ka tsallaka ba, Tudun Wada ko kasuwar cikin birni sun wadatar.

Samaru lamarinta daban ne, kuma nan ne Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'a. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, ga harabar Kongo, ga makarantar horar da malamai a Gyallesu, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Duk shekara sababbin ɗalibai da masu hidimar ƙasa na sauka, kowa na neman ƙaramar katifa, ƙaramar tukunyar gas, fanka, teburin karatu, bokiti da tukwane biyu. Ba sa neman sabo, suna neman mai araha da zai kai su ƙarshen karatu. Sai dai a lura da lokaci. In ka fito da katifa a makon da masu kammalawa ke tattara nasu ya nasu, ka shiga sahun ɗaruruwan masu neman rabuwa da irin kayanka a kowane farashi. Ka jira lokacin rajistar sababbi. Haka ma fanka da firji, a watan Maris da Afrilu ake nemansu ido rufe, bargo da rigunan sanyi kuwa sai hunturu ya kama.

Baza kaya da kanka ya fi kawo kuɗi a kan ƙananan abubuwa masu yawa, irin su kwanuka, takalma, jakunkuna da kayan wasan yara, domin kana sayar wa mai amfani ne kai tsaye. Amma wuni guda ne a rana, kuma kasuwanninmu kowane taku da mai shi. Ka fara neman izinin shugabannin kasuwa ko mai rumfar da za ka raɓa, ka ji ko akwai kuɗin wuri. Ka tafi da canji, ka tafi da mutum na biyu da zai sa ido, don lokacin da mutum biyar suka duƙa kan kaya a tare ne abu ke ɓata. Ka sa a ranka za a taya maka abin da zai ba ka haushi. Ka ce albarka kawai, ba sai ka kawo tarihin nawa ka saya ba, mai saye bai damu da wannan ba. Da damina kuma tabarma a ƙasa caca ce.

Kyan kasuwa shi ne kuɗi hannu, kuma in an gwada kaya a gabanka an biya, magana ta ƙare. Sharaɗin dai ka faɗi aibin kaya. In katifar ta taɓa yin kuɗin cizo, ko firjin na ɗaukar lokaci kafin ya yi sanyi, ka faɗa. Addini ya hana ɓoye aibi, kuma shi ne abin da ke sa a dawo maka da kaya. In kana da rasit na janareta, talabijin ko waya, ka riƙe shi. Sayen kayan sata laifi ne a doka, 'yan kasuwa da dama sun sha wuya a kansa, saboda haka mai rasit ya fi samun sakin fuska da farashi.

Sayarwa ta waya

Nan ma akwai masu cika baki: "Ɗora a waya kawai, kafin la'asar an saye." Ba haka abin yake ba. Hoton da ka ɗora a sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, kuma waɗanda kuke da lambar juna ne kaɗai ke gani, wato dangi da abokai, waɗanda su ne suka fi neman bashi da ragi. Zaurukan WhatsApp na unguwa da na ɗalibai sun fi faɗi. Shafukan saye da sayarwa irin su Facebook Marketplace da Jiji sun fi su duka isa nesa, amma da yawan masu tambaya daga Kaduna ko Kano suke, sai an zo maganar ɗauka ciniki ya watse.

Duk da haka, a kan manyan kaya masu aiki kamar kujeru, gado, firji, injin wanki da kwamfuta, waya ce ke ba da farashi mafi tsoka, tunda babu mai cin riba a tsakani, kuma mai saye ne ke zuwa da motar ɗauka. Abin da za ka biya shi ne haƙuri. Mutum goma za su tambayi farashi, biyu su ce suna hanya, wataƙila ɗaya ya iso.

Haɗarinta ya fi na sauran. Alat na bogi ya zama ruwan dare, don haka saƙon tes ko hoton rasit ba hujja ba ne. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar hannunka. Kada ka kai kaya tasha ka ba direba bisa alƙawarin za a turo kuɗi in sun isa. Baƙon da ba ka sani ba kuma kada ya wuce zaure, a fito masa da kayan, kuma kada mace ta karɓe shi ita kaɗai. In waya ko kwamfuta za ka sayar, ka cire layi, ka fita daga manhajojin banki da imel, ka goge komai. Layinka a haɗe yake da lambarka ta ɗan ƙasa, duk abin da aka aikata da shi kai za a nema. Sutura kuwa babu ita a nan, kowa ya ga falonka.

'Yan gwangwan

Ra'ayi biyu nake ji a kansu, duka biyun kuskure ne. Wasu na cewa duk ɓarayi ne. A'a, akwai ɓata-gari a cikinsu kamar kowace sana'a, amma yawancinsu samari ne masu tura kura cikin rana suna neman halak, kuma suna raba unguwa da tarkacen da da a kwata zai ƙare. Wasu kuma na cewa tsohon kaya ba shi da wani mai saye sai su. Wannan ne ke sa a yi asara mafi ciwo.

Ɗan gwangwan nauyi yake saye, ba amfani ba. Keken ɗinki mai aiki da wanda ya mutu, in nauyinsu ɗaya, kuɗinsu ɗaya a wurinsa. Don haka abin da ya mutu murus kaɗai ya kamata ya je hannunsa, bayan mai gyara ya ce babu abin ɗauka. Ko a nan ma akwai dabara. Ƙarfe ba iri ɗaya ba ne: jan ƙarfe da tagulla sun fi tsada nesa ba kusa ba, sai alminiyum, baƙin ƙarfe ne a ƙasa. Maganaɗisu na kama baƙin ƙarfe, ba ya kama sauran, da shi za ka ware su. In ka haɗa su a buhu ɗaya, farashin mafi araha za a yi maka. Wayar da ke naɗe cikin injin fanka da kwamfuresar firji sau da yawa jan ƙarfe ce, ka san da haka kafin ka sallama. Tsohon batirin mota ko na sola shi ma da kuɗinsa saboda dalmar da ke ciki, amma a miƙa shi yadda yake, kada a fasa a gida, ruwansa na ƙona fata. Ka tsaya ka ga sikeli da idonka. In kayan da yawa, kai su inda ake tarawa ya fi sayar wa mai yawo.

Abin da nake roƙo shi ne a dubi tsofaffin tasoshin tagulla na kakanni kafin a ɗora su a sikeli. In an narke su, sun tafi ke nan. Musayar tsofaffin kaya da robobi ma a yi lissafi, sau da yawa bahon da aka ba ki bai kai rabin abin da kika bayar ba. A kuma ja kunnen yara kada su saba ɗaukar abin gida su kai.

Ga su a jere:

| Hanya | Kuɗin da ke shigowa | Sauri | Ɗawainiya | Babban haɗari | Sutura |
|---|---|---|---|---|---|
| Dillaliya | Mai kyau a kayan mata | A hankali | Kaɗan | Jinkirin biya, kaya su sha hannu | Sosai |
| Ɗan gwanjo ko mai gyara | Matsakaici | Ranar | Ɗauka da zagaye | Tayin wulaƙanci in ka riga ka kai | Daidai gwargwado |
| Baza kaya da kanka | Mai kyau a ƙananan kaya | Ranar, amma da kwantai | Mai yawa | Sata, ruwan sama | Babu |
| Waya | Mafi yawa a manyan kaya | Ba tabbas | Amsa saƙonni | Alat na bogi, baƙi a gida | Babu |
| 'Yan gwangwan | Mafi ƙaranci | Nan take | Kusan babu | Sikeli, sayar da mai amfani a kilo | Daidai gwargwado |

Wa ya kamata ya bi wacce?

In kuɗi kake nema yau, na asibiti ko na makaranta, ka ɗauki abu ɗaya mai aiki ka nufi mai gyara ko ɗan gwanjo da hotonsa. Kada ka ba dillaliya, kada ka jira waya.

In tashi za ka yi, an yi maka canjin wurin aiki ko haya ta ƙare, ka fara ɗora manyan kaya a waya tun saura wata guda, ka sa wa kanka rana. Abin da bai tafi ba zuwa ranar, ka kira ɗan gwanjo ya zo gida ya yi kuɗinsa gaba ɗaya.

Uwargidan da ke son sabunta ɗaki ba tare da an ji ba, kuma ba ta cikin gaggawa, dillaliya ce tata, da takarda da biro. Mai kayan ɗalibai ya riƙe su har lokacin rajista, ya nufi Samaru ko Kongo. Mai tarin ƙananan kaya da matashi a gida mai son koyon ciniki, ya nema masa gefe a kasuwa ya baza, ya tsaya kusa da shi.

Akwai kuma kayan da kuɗinsu bai kai wahalar sayar da su ba: tufafin yara da suka yi kaɗan, yunifom, takalman makaranta, littattafan firamare da sakandare. Waɗannan a wanke a ba maƙwabta, almajirai ko gidan marayu. Takardun da ke da ayoyi ko sunan Allah kuwa kada a haɗa su da waɗanda ake sayar wa masu ƙosai da tsire don naɗe kaya. A ware su a kai makarantar allo ko masallacin unguwa, malamai sun san yadda ake yi da su.